Gishiri a Ruwa, Gishiri a Wuta: Tambayoyi da Amsoshi kan Canjin Siffa da Canjin Sinadari

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban ƙaramar sakandare da na SS1 a Kaduna suka fi yawan yi wa malaman kimiyya, haɗe da wasu da ke fitowa daga iyaye mata, masu haɗa sabulu da masu sayen fata. Duk gwajin da aka ce a yi a gida an zaɓe shi ne don kayansa na samuwa a kicin ko a shagon unguwa. Wanda ba na gida ba ne, an faɗa ƙarara.

Mene ne bambancin canjin siffa da canjin sinadari?

A canjin siffa, abu yakan sauya kama, girma ko yanayi, amma yana nan yadda yake a asalinsa. A canjin sinadari kuwa, abin da aka fara da shi yakan ƙare, wani sabo mai halaye daban ya maye gurbinsa. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: bayan an gama, gishirin yana nan a matsayin gishiri, ko wani abu daban ya samu? Alamomin da ake haddacewa a aji, wato kumfa, sauyin launi, zafi da wari, suna taimakawa, amma gishiri ya ƙware wajen yaudarar mai dogaro da su kaɗai, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Shi kansa gishirin me ya ƙunsa?

Sodiyam kulorayid ne, NaCl. A kowane giram 100 na tsantsar gishiri akwai kusan giram 39 na sodiyam da giram 61 na kilorin. Sodiyam shi kaɗai ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, kuma in ya taɓa ruwa sai ya yi ta tsartuwa, har ya kan kama da wuta. Shi ya sa ake ajiye shi cikin mai. Kilorin kuma iska ce mai guba, launinta tsakanin kore da rawaya. Idan suka haɗu, kowace ƙwayar zarra ta sodiyam sai ta ba ta kilorin lantaron ɗaya (ɗan ƙanƙanin ɓangaren zarra mai cajin lantarki), su zama ayon, wato ƙwayoyi masu caji biyu kishiyoyin juna, su jeru reras, kowane ɗaya kewaye da shida na ɗaya ɓangaren. Wannan jeri ne ya sa ƙwayar gishiri ke fitowa da kusurwoyi daidai kamar ɗan akwati. Haɗuwar ƙarfe mai haɗari da iska mai guba ta haifar da abin da ake sa wa miya, ita ce cikakken misalin canjin sinadari.

Malam, idan na zuba gishiri a ruwa ya ɓace, wane canji ne?

Canjin siffa ne, kuma haka za ka rubuta a jarrabawar WAEC ko NECO. Gishirin bai ɓace ba. Ƙwayoyin ruwa suna da gefe mai ɗan cajin ƙari da gefe mai ɗan cajin ragi, sai su yi wa ayon ɗin da ke bakin ƙwayar gishiri caa, su janye su ɗaya bayan ɗaya, su kewaye kowanne. Ayon ɗin sodiyam yana nan da cajinsa, na kulorayid, wato ayon ɗin kilorin, ma haka. Wurin zama kawai suka sauya. Hujjoji uku ne: ruwan yana da ɗanɗanon gishiri, nauyi bai ragu ba, kuma in ruwan ya ƙafe gishirin zai dawo. Ka ɗora kofi mai giram 100 na ruwa a sikelin kicin, ka zuba giram 10 na gishiri, ka dama, za ka ga nauyin ya ƙaru da giram 10 daidai.

Gaskiya dai akwai masana da ke ja da wannan amsa, kuma jayayyarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ai an karya igiyar da ta haɗa ayon da ayon, an ƙulla sabuwa tsakanin ayon da ruwa, kuma ruwan gishiri na da halin da busasshen gishiri ba shi da shi: yana ɗaukar wutar lantarki, busasshen kuwa ba ya ɗauka. Duk wannan haka ne. Amma ayon ɗin sun riga sun kasance a cikin busasshen gishirin tun farko, ba ruwa ne ya ƙirƙire su ba. Damar motsi kawai ya ba su. A ganinmu kiran sa canjin siffa ya fi tsayuwa da ƙafafunsa. Ɗalibin da ya san dalilin ɓangarori biyun ya fi wanda ya haddace amsa, amma a takardar jarrabawa ba a neman muhawara.

Yaya zan dawo da gishirin don in gani da idona?

Ka sami rabin kofi na ruwa mai tsabta, kimanin mililita 100, ka zuba ƙaramin cokalin shayi uku na gishiri, ka dama har ya narke sarai. Daga nan hanya biyu ce.

Ta gaggawa: ka juye a ƙaramar tukunya ko murfin gwangwani mai tsabta, ka ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Idan ruwan ya kusa ƙarewa za ka ga farin ɓawo a gefe-gefe, abin ya fara tsalle yana tartsatsi. A nan ake sauke shi, zafin tukunyar ya ƙarasa busarwa. Wanda ya bar shi a wuta sai gishirin ya yi ta fallatsa waje, in ya auna ya ga ya gaza abin da ya zuba, ya ɗauka ya ƙone. Bai ƙone ba, yana kan murhu da ƙasa.

Ta sannu: ka zuba a faranti mai faɗi mai duhun launi, ka rufe da yadi mara kauri saboda ƙura, ka ajiye inda ba za a taɓa ba. Da hunturu ko bazara a Kaduna kwana kaɗan ya isa. A tsakiyar damina yana iya daɗewa ƙwarai. Wannan hanya ce ke ba da ƙwayoyi manya masu kusurwa huɗu da ake gani ko ba gilashin ƙara girma. Ta wuta kuwa gari take bayarwa, domin ƙwayoyin ba su sami lokacin girma ba.

Aikin da matan Keana a jihar Nasarawa suka gada ke nan: tace ruwan gishiri, a dafa shi har ya ƙafe. A Bilma ta ƙasar Nijar kuma rana ce ke yin aikin a ramuka, a zuba a mazubi a fitar da kantu, ayarin raƙuma ya sauko da shi kudu. Babu canjin sinadari ko ɗaya a cikin duka biyun.

Me ya sa wani lokaci gishiri ke ƙin narkewa ya kwanta a ƙasan kofi?

Ruwa yana da iyaka. Mililita 100 na ɗaukar kusan giram 36 a zafin ɗaki, wato wajen cokalin shayi shida shafaffu. Ledar fiya wota ta santilita 50 ke nan za ta ɗauki giram 180. Abin da ya haura haka sai ya kwanta, ko da an kwana ana damawa. Tafasa ruwan ba ya ƙara wani abin kirki, daga 36 zuwa kusan 39 ne kawai. Zafi da damawa da niƙa gishirin suna ƙara saurin narkewa ne, ba yawan abin da zai narke ba. Sukari ba haka yake ba: mililita 100 na ɗaukar wajen giram 200, kuma da zafi yana ninkawa fiye da haka.

An ce mu raba gishiri da yashi. Ta ina ake farawa?

A zuba cakuɗar a ruwa a dama sosai, gishiri ya narke, yashi ya tsaya. A tace da takardar tacewa a mazurari, ko farin ƙyalle mai riɓi huɗu in a gida ne. A ɗauraye yashin da ke kan takardar da ɗan ruwa kaɗan, domin ruwan gishiri na maƙalewa a jikinsa. Wannan matakin ne ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma yana da maki. Sannan a ƙafar da ruwan da ya wuce. Idan akwai garin ƙarfe a ciki, maganaɗisu ake fara bi da shi tun abin yana bushe. Yiwuwar raba su da ruwa da takarda kawai ita ce shaidar cewa cakuɗa ce, ba su haɗu sun zama sabon abu ba.

Gishirina yana jiƙewa da damina, ya daskare kamar dutse da hunturu. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, Hajiya. Gishiri yana fara jan ruwa daga iska idan danshin iska ya kai kusan kashi 75 cikin 100, kuma a Kaduna watannin Yuli da Agusta suna haura wannan sau da yawa. Bakin kowace ƙwaya sai ya narke ya zama ɗan ruwan gishiri. Da iskar hunturu ta kaɗa sai ruwan ya bushe, gishirin da ya narke ya sake daskarewa a tsakanin ƙwayoyin ya liƙe su wuri ɗaya. Narkewa ce da bushewa, duka canjin siffa. Gishirin da ba a tace sosai ba ya fi saurin jiƙewa saboda yana ɗauke da magniziyam kulorayid, wanda ke jan ruwa tun danshi bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Na leda daga masana'anta kuma akan sa masa ɗan sinadarin hana dunƙulewa. A zuba a roba ko kwalba mai murfi mai matsewa, a nisanta shi da tururin tukunya, kada a sa masa jiƙaƙƙen cokali. Wanda ya riga ya daskare a daka shi a turmi; dakan ma canjin siffa ne.

Na watsa gishiri a garwashi ya yi ta ƙara, harshen wuta ya koma rawaya. Ba ƙonewa ba ke nan?

A'a. Ga alamu biyu na canjin sinadari, ƙara da launi, kuma duka ba shi ba ne. Ƙarar daga ɗigon ruwan da ya maƙale cikin ƙwayar take tun lokacin da take girma. Zafi ya mai da shi tururi, ya fasa ƙwayar. Rawayar kuma hasken sodiyam ne: zafi na ɗaga lantaron ɗinsa, in suka koma mazauninsu sai su saki haske mai wannan launi. Shi ne abin da ake gani idan miya ta tafaso ta zubo a kan shuɗin harshen gas.

Gishiri ba ya cin wuta. Sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyos kafin ya zama ruwa-ruwa, sai ya haura 1,400 kafin ya tafasa, kuma in ya huce gishiri ne dai. Gwada da tsofaffin cokula biyu, ɗaya da ɗan gishiri, ɗaya da ɗan sukari, ka riƙe da filaya a kan wuta. Sukari zai narke, ya yi ja, ya yi baƙi, ya tashi hayaƙi da ƙauri, ya bar gawayi wanda ba mai iya mai da shi sukari. Gishiri zai tsaya fari fat. Cokali ɗaya canjin sinadari, ɗaya ba komai.

Gaskiya ne gishiri na sa ruwa saurin tafasa?

Akasin haka ma yake yi, sai dai kaɗan ne ƙwarai. Sai an zuba giram 58 a lita ɗaya kafin zafin tafasa ya ƙaru da kusan digiri 1. Cokalin shayi ɗaya a lita biyu na ruwan taliya bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Tudun Kaduna ma ya fi shi tasiri: garin yana kusan mita 600 sama da teku, don haka ruwa na tafasa a wajen digiri 98, ba 100 ba. Kumfar da ke tasowa fuu idan an watsa gishiri a ruwan zafi ita ke ruɗin mutane. Iska ce da tururi da suka sami ƙwayoyin gishiri suka taru a jikinsu suka taso, ba wata sabuwar iska ba.

A ɓangaren sanyi tasirin ya fi girma. Gishiri na saukar da ma'aunin daskarewar ruwa har zuwa digiri 21 ƙasa da sifiri idan ya kai kusan kashi 23 cikin 100. Shi ya sa ƙanƙarar da aka barbaɗa wa gishiri ke narkewa amma ta fi da sanyi, kuma shi ya sa ake watsa shi a tituna a Turai da Amurka lokacin dusar ƙanƙara.

To yaushe ne gishiri ke yin canjin sinadari na gaske?

Mafi muhimmanci shi ne idan aka ratsa ruwan gishiri da wutar lantarki ta sanduna biyu da aka tsoma a ciki. Abu uku sababbi ke fitowa: iskar kilorin a sandar da ke haɗe da alamar ƙari, iskar haidirojin a sandar alamar ragi, da sodar sabulu, wato sodiyam haidiroksayid, a cikin ruwan.

2NaCl + 2H₂O → 2NaOH + H₂ + Cl₂

A kan wannan manyan masana'antu suka dogara. Sodar da masu haɗa sabulu ke saya a kasuwa, da kilorin da ake kashe ƙwayoyin cuta a ruwan famfo da shi, da robar bututun PVC, duk tushensu gishiri ne. Idan aka bar kilorin ya haɗu da sodar sai a sami ruwan bilic na wanke fararen kaya.

Ana iya nuna shi a makaranta, da malami a wurin. A narkar da cokalin shayi shida na gishiri a mililita 200 na ruwa cikin kofin gilashi. A fere fensir biyu gaba da baya, a soka su a ɗan kwali, a ɗora kwalin a bakin kofin yadda bakunansu na ƙasa za su nutse ba tare da sun taɓa juna ba. A haɗa bakunan sama da batir mai bolt 9 da wayoyi biyu. Nan take kumfa za ta fara. Gefen ragi zai fi kumfa nesa ba kusa ba, domin kilorin na narkewa a ruwa, haidirojin kuwa ba ya narkewa sosai. Bayan minti biyu za a ji warin bilic. Idan aka ɗiga ruwan zoɓo mara sukari, kusa da sandar ragi jan zai koma duhu-duhu mai kore saboda sodar, kusa da sandar ƙari kuma ya koɗe.

Abubuwan da ke ɓata gwajin sanannu ne. In gishirin ya yi kaɗan, oksijin ne zai fi fitowa maimakon kilorin, ba za a ji wari ba. In aka tsoma wayar tagulla ko ƙusa a madadin fensir, ƙarfen ne zai ci, ruwan ya yi kore ko ruwan ƙasa, a sami wani canjin sinadari daban da wanda ake nema. Kada a yi amfani da cokalin da ba ya tsatsa, yana sakin sinadaran kuromiyam masu cutarwa. A yi a waje ko bakin taga, kada a wuce minti uku, kada a kai hanci bakin kofi, kada a rufe shi, kuma ko kusa kada a haɗa da wutar soket ko batirin mota.

Shi ƙarfen sodiyam ba ya fitowa ta ruwa. Sai an narkar da busasshen gishiri da zafi, a haɗa shi da kalsiyam kulorayid don ya narke a wajen digiri 600, sannan a ratsa shi da lantarki. Humphry Davy na Ingila ne ya fara ware sodiyam a 1807, shi kuma daga narkakkiyar soda ya fitar da shi.

A gwajin aiki na kimistiri, yaya ake gane kulorayid?

A narkar da ɗan gishiri a tataccen ruwa, a ɗiga asid na naitirik mai ruwa-ruwa, sannan ruwan silba naitiret. Farin gudaji kamar na kindirmo zai sauko. Silba kulorayid ne, sabon abu da ba ya narkewa a ruwa, don haka canjin sinadari ne. Yana narkewa in an ƙara ruwan amoniya, yana yin duhu in aka bar shi a rana. Asid ɗin farko aikinsa kawar da kabonet, wanda shi ma yake ba da gudaji ya ruɗa sakamako. Kuskuren da ya fi yawa shi ne amfani da ruwan famfo ko na rijiya, ko ɗiga asid na haidirokulorik a madadin na naitirik; duk suna ɗauke da kulorayid nasu, sai komai ya nuna fari.

Biyu kuma da suke cikin manhaja: asid na salfiyurik mai kauri a kan busasshen gishiri yana fitar da iskar haidirojin kulorayid mai shaƙe numfashi, aikin ɗakin gwaji ne kaɗai. Sannan akwai hanyar komawa: giram 40 na soda da giram 36.5 na haidirojin kulorayid suna ba da giram 58.5 na gishiri da giram 18 na ruwa. Ba a ɗanɗana abin da aka haɗa a ɗakin gwaji, ko da lissafi ya ce gishiri ne.

Kanwa ba ita ma gishiri ba ce? Me ya sa take kumfa da lemun tsami?

A kimiyya tana cikin dangin gishiri, amma ba sodiyam kulorayid ba ce. Yawancinta sodiyam kabonet ne da baikabonet, haɗe da ɗan gishiri da ƙasa. Matsa lemun tsami a kan garin kanwa, zai yi kumfa, iskar kabon dayoksayid ce ke fita: canjin sinadari. Matsa a kan gishiri, jiƙewa kawai zai yi. Haka a zoɓo: ruwan kanwa na juya launinsa, gishiri ba ya taɓa shi. Shi ya sa kanwa ke kashe tsamin yakuwa ta kuma sa wake saurin nuna, aikin da gishiri ba zai yi ba ko an juye mudu.

Ina labarin aidin da ke cikin gishirin leda?

Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci don maganin maƙoƙo da kare ƙwaƙwalwar jarirai. Ana sa shi a siffar fotasiyam ayodet, miligiram 50 na aidin a kowane kilo a masana'anta, da nufin kada ya gaza 15 lokacin da ya isa kicin. Fesa shi a kan gishiri cakuɗawa ce kawai. Amma shi ne ɓangaren da ke iya lalacewa: danshi, rana da datti na sa ayodet ya rikiɗe ya zama aidin tsantsa, wanda ke bin iska. Gishirin da aka baza a faranti a rana a kasuwa zai ci gaba da ɗanɗano daidai alhali aidin ɗinsa na raguwa. Ruwan gwajin da jami'an lafiya ke ɗigawa ya koma shuɗi yana aiki ne da canjin sinadari: ya saki aidin, aidin ya haɗu da sitaci. Lemun tsami da koko a gida ba lallai su nuna launi ba ko da aidin na nan, domin ayodet na buƙatar wani sinadarin da zai sake shi.

Gishiri ne ke cinye ƙarfe da tukunya?

Tsatsa canjin sinadari ce, amma ƙarfe da oksijin da ruwa ne ke yin ta. Gishiri ba ya ƙarewa a ciki; yana sa ruwan ya ɗauki caji da sauƙi ne, aikin ya yi sauri. Goge ƙusoshi uku da sanfefa, ɗaya a busasshen kofi, ɗaya rabinsa a ruwa zalla, ɗaya rabinsa a ruwa mililita 200 mai cokalin shayi ɗaya na gishiri, ka duba bayan kwana biyu zuwa uku. Kada ka cika gishirin da nufin ƙara tsatsa: ruwan da ya ƙoshi da gishiri ba ya riƙe oksijin sosai, sai tsatsar ta ragu. Wajen kashi 3 cikin 100 ne ya fi ci, kusan irin na ruwan teku.

Tukunyar alminiyam, har da irin wadda ake zubawa a kasuwar Panteka ta Kaduna, tana da siririn rufi na oksayid da ke kare ta. Kulorayid na huda wannan rufi a wuri-wuri, shi ne ƙananan ramukan da ake gani a gindin tsohuwar tukunya. A bari ruwa ya tafasa kafin a sa gishiri, a juya don kada ya kwanta a ƙasa, kuma kada miya mai gishiri da tsami ta kwana a ciki.

Idan aka barbaɗa wa fatar layya ko nama gishiri ruwa ya fito, wane canji ne?

Ga gishirin, canjin siffa ne: ya narke a danshin da ke saman fatar, ruwan da ke cikin tsoka ya ratso zuwa inda gishiri ya fi yawa. Ƙwayoyin cuta ma haka ruwansu ke tsiyayewa, su kasa yaɗuwa. Ruɓewa ita ce canjin sinadarin, ita ake tarewa. Ana buƙatar gishiri mai nauyin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin nauyin ɗanyar fatar, a shafa a gefen nama cikin sa'o'i kaɗan da fiɗa, bayan an kankare kitse da jini, domin gishiri ba ya ratsa kitse. A shimfiɗa ta a inuwa a wuri mai gangara don ruwan ya tsiyaye, a kula da gefuna da wuya da ƙafafu inda take naɗewa. Inda gishiri bai kai ba nan gashi ke fara zubewa, kuma wurin da ya riga ya ruɓe ƙarin gishiri ba ya dawo da shi.